Sun Sabunta Wasan Harun, Sun Kwashe Mutanen Gari

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Harun, mijin ƙanwata Saude, wanda ya riga ya zama aminina tun kafin ya zama surukina. Duk shekara in lokacin ya zagayo nakan yi masa addu'a, in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni, kuma abin da ya tone ni zai iya ba mai karatu dariya, domin wasan kwamfuta ne. Na san yadda abin yake a ido: dattijo mai furfura, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa motar kaya a titunan Jidda, ya zauna yana rubuto wa jarida ƙorafi a kan wasa. A yi haƙuri da ni. Ba ni da hanyar yin maganar Harun da ba ta bi ta kan wasan nan ba, kuma masu shi sun fito da sabonsa, sun taɓa shi ta inda ya fi yi mini ciwo.

Ni mutumin Nguru ne. Na zo ƙasar nan a farkon shekarun tamanin da niyyar sauke farali in koma, sai Allah ya haɗa ni da wani mai sayar da kayan gini a unguwar Bani Malik, ya zama kafilina, wato mai tsaya mini a wurin hukuma, ya yi mini iƙama, takardar izinin zama, ya damƙa mini mota. A sitonsa na tarar da Harun, dogo, siriri, mai ƙarancin magana, shi ke riƙe da makullai. Bahaushen Njamena ne. Kakanninsa sun taso daga ƙasar Kano a ƙafa za su Makka, suka yada zango a Cadi, zangon ya zama gida. Yakan ce shi ba gudun hijira ya yi ba, tafiyar kakansa ya zo ƙarasawa. Iyakar abin da yake faɗa ke nan game da barinsa gida, kuma da irin murmushin da ke hana mutum ƙara tambaya yake faɗa. Ya yi karatun Faransanci, ya taɓa aiki a ofishin auna filaye, son taswira kuma bai taɓa barinsa ba. Da Saude ta zo wurina bayan mutuwar aurenta na fari, shi ya zo da kansa ya ce yana so, ban tsaya dogon tunani ba.

Wajen ƙarshen shekarun casa'in 'ya'yan kafilinmu suka canza kwamfutocin ofis, aka ba Harun tsohuwa guda ya kai gida. Bai daɗe ba ya tsinto wani faifai a kasuwar tsofaffin kaya, saboda ya ga taswira a jikin kwalinsa. Wasa ne a kan yaƙin basasar Amurka na zamanin da, tsakanin Arewa da Kudu. Da Turanci yake, Harun kuwa ba ya jin Turanci, sai ya aiko a kira ni in karanta masa. Na je da niyyar in fassara masa shafin farko in tafi. Kiran magariba ne ya tashe mu.

In ka ga wasan nan yau sai ka raina shi. Taswira ce shimfiɗe, an yanka ta gida-gida kamar saƙar zuma, runduna kuma ɗan akwati ne mai tuta, shuɗi ko ruwan toka. Ba ka ganin soja ko ɗaya. Bi da bi ake yi: ka ba da umarninka, abokin karawarka ya ba da nasa, sannan a ga abin da ya faru. Daɗinsa kuwa shi ne abin da ka umarta ba lallai ne ya faru ba. Ɗan aike ne ke kai umarni a kan doki, yana iya makara, yana iya faɗawa hannun abokan gaba. Janar ɗinka yana iya karɓar saƙo ya ƙi motsawa don ya tsorata. Ba ka ganin inda maƙiyi yake sai in 'yan leƙen asirinka sun gan shi, su ma sukan zo da ƙarya. Sojoji suna jin yunwa, zawo yana kashe su fiye da harsashi, in kaka ta yi su riƙa sulalewa gida. In aka yanke maka layin dogo, rundunarka za ta narke ba tare da an harba bindiga ba.

Duk Juma'a, in an sauko daga masallaci an ci abinci, sai Saude ta ajiye mana shayi ta ja ƙofa. Kwamfuta ɗaya, kujera biyu. In lokacina ne, Harun ya juya kujerarsa ya fuskanci bango. In nasa ne, ni in juya. Saƙonnin da ke fitowa a nasa ɓangaren ni ke karanta masa, don haka yakan ɗauki farantin shayin ya rufe taswirar da shi, ya bar mini layin rubutun kawai. A hankali ya koyi Turancin yaƙi zalla. Ya san kalmar ja da baya da ta ƙarancin harsashi, amma ba zai iya roƙon ruwan sha da Turanci ba.

Da farko babu mai son ɗaukar Kudu a cikinmu. Baƙaƙen fata biyu a zaune a Jidda, wa zai so ya yi wa masu bayi yaƙi? Harun ne ya ƙare da ɗauka, saboda su ne ba su da yawa, ba su da kaya, kuma irin wannan matsin yake so. Ya ce ai shi bai da asara: in ya ci, dabararsa ce ta ci, in aka ci shi, masu bayi aka ci.

Ban taɓa karawa da mai ban haushi irinsa ba. Ba ya tsayawa a yi gaba da gaba. Zan shafe Juma'a biyu ina tara runduna, in iso inda nake zaton yana nan, in tarar ya tashi. Ya bar mini gari, ya bar mini tudu, ya bi ta baya ya ƙone mini amalanken abinci. Na sha ce masa wannan ba yaƙi ba ne, wasan ɓuya ne. Sai ya kurɓi shayinsa ya tambaye ni mutum nawa suka rage mini. Ni abin da na sani na yaƙi shi ne ina yaro na ga samari suna hawa jirgin ƙasa a tashar garinmu ana kaɗa musu ganga, da waƙoƙin da rediyo ke sakawa. Shi ya sa nake son kai hari. Saude kuwa ta sha yin mita, wai mutumin da yaƙi ya koro shi ne ba shi da abin hutawa sai yaƙi. Shi dai sai ya ci gaba da wasansa.

Wata Juma'a na samu abin da na daɗe ina nema. Na ritsa shi a wani gari da ke bakin kogi, na jera igwa a kan tudu, na karya gadar da ke bayansa don kada ya sulale kamar yadda ya saba. Da lokacinsa ya zo, saƙo ya fito, na karanta masa ina jin daɗi: mutanen gari sun watse, wasu sun halaka a wajen ƙetare ruwa. Harun ya ajiye farantin. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce mu fita mu sha iska. A bakin ƙofar gidan, muna jingine da motata, ya ba ni labarin da bai taɓa ba ni ba a duk shekarun da muka yi tare.

Ya ce lokacin da yaƙi ya raba Njamena, unguwarsu ta faɗa tsakanin ɓangarori biyu. Da abin ya tsananta, ya ɗauki mahaifiyarsa da ƙanwarsa Falmata ya kai su bakin kogi, ya sa su a kwalekwale suka ƙetara zuwa Kuseri, garin da ke ɗaya hayin. Mahaifinsa ya ƙi tashi. Ya ce ya ga irin wannan a baya, kwana biyu ne za a gaji a daina, kuma ba zai bar gida a buɗe ba. Harun ya yi niyyar ya koma ya lallashe shi washegari. Da ya koma, ya tarar masu bindiga sun tare bakin layinsu. Cikin masu bindigar akwai wanda suka yi aji ɗaya a makaranta. Wannan ne ya ja shi gefe, ya ce ya juya, kuma kada ya sake dawowa. Kafin ya juya, yaran suka ga ƙaramar rediyo a hannunsa, suka kewaye shi suna tambaya.

"Ka san me suke tambaya?" in ji shi. "Wai wa ke cin yaƙin. Su ke riƙe da bindiga, ni suke tambaya abin da rediyo ta ce."

Bai sake ganin mahaifinsa ba. Ba gawa, ba kabari, ba wanda ya ce ga yadda aka yi. Mahaifiyarsa ta rasu a hayin kogi tana jiran labari, Falmata ta yi aure ta koma Njamena, shi kuma ya yi gabas. Ya ce abin da ya sa yake zama gaban wasan nan shi ne bai cika ƙarya ba: a cikinsa ma ba wanda ya san abin da ke faruwa, kuma yakan tuna ya gaya maka akwai mutane a garin. Juma'ar da ta biyo ya zauna muka ci gaba, na ci garin. Da ya lura na daina karya gada, sai ya ɓata rai, ya ce kada in yi masa wasan tausayi.

Rasuwarsa ba ta zo da sallama ba. Wata safiya ta zafi yana karɓar siminti a sito ya zauna a kan buhu ya ce ƙirjinsa. Ni ina hanya da kaya. Kafin in juyo mota in iso asibiti an rufe shi da mayafi. Bayan sutura sai wahalar takardu, domin Saude da ɗansu Bashir duk a ƙarƙashin iƙamarsa suke. Na yi zirga-zirgar da ba na son tunawa kafin abin ya daidaita. Kwamfutar ta zauna a lulluɓe a kusurwar ɗaki har shekarar da ruwan sama ya shiga gidaje ya gama da ita. Faifan yana wurina, amma ba ya tashi a injinan yanzu.

Bashir yanzu magidanci ne, yana aiki a shagon wayoyi a unguwar Aziziyya. A nan aka haife shi, Larabci ne a bakinsa, Hausa yana ji sarai amma in zai mayar sai ta riƙa tsinkewa. Fasfon Cadi yake riƙe da shi, ƙasar da bai taɓa takawa ba, kuma duk lokacin sabunta iƙama sai ka ga ya rame. Watannin baya ya shigo gidana da murna, ya ce masu wasan Abuya, haka yake kiran mahaifinsa, sun fito da sabo. Ya kawo mini kwamfutar tafi-da-gidanka da ya gyara, ya saka mini shi da hannunsa. Nan take na zauna na kama linzamin kwamfutar.

Zan faɗi gaskiya a kan abin da suka gyara. Taswirar ta yi kyau ƙwarai. Kana ganin tudu a matsayin tudu, kogi yana gudu, damina da hunturu suna canza launin ƙasa. Da Harun na nan, na san zai yi awa guda yana yawo a kanta kafin ya motsa soja ɗaya. Daga nan kuma yabona ya ƙare.

Tun kafin ka fara sai ka yi rajista, sai kuma intanet, ko da kai kaɗai za ka yi wasanka a ɗakinka. In layin ya yanke, yaƙi ya tsaya. Sau da yawa ina tsakiyar fafatawa allon ya daskare, in dawo in tarar duk abin da na yi ya tafi. Wannan duk zan iya jurewa. Abin da na kasa jurewa shi ne sun cire jira. Babu bi da bi kuma, kowa yana motsi a lokaci guda, mai saurin yatsa shi ne gwani. Babu ɗan aike. Ka danna, runduna ta juya nan take kamar an ja ta da zare, ba janar mai gardama, ba mai tsoro. Kana kallon filin daga sama, kana ganin kusan komai. Abinci ya zama wani ɗan layi kore a gefen allo da ke cika kansa in ka ɗan dakata. Na yanke wa kwamfuta layin dogo na zauna ina jiran rundunarta ta narke, sai ga ta ta nufo ni da ƙarfinta kamar ba abin da ya faru. Wani lokacin kuma ta tura mahaya dawakinta cikin bakin igwa, ta sake turo wasu, har su ƙare. Ba ta san ja da baya ba, domin a sabon wasan ja da baya ba ya haifar da komai sai rage maki.

Yanzu kana ganin kowane soja, har maɓallin rigarsa. Kana ganin yadda yake faɗuwa, ana busa ƙaho, kiɗa yana tashi. Sun kashe ƙarfinsu wajen hayaƙi da wuta. Amma ka shiga gari ka duba: gidaje ne jere, da coci, da tasha, ba ko mutum ɗaya. Ba mace, ba tsoho, ba mai tura kaya zuwa bakin ruwa. Na bi layi-layi ina nema kamar wawa. Saƙon nan da ke gaya maka mutanen gari sun watse, sun cire shi. Gari ya zama abin da ake tsayawa a kai a samu tuta, in an harbe shi kuma ya ci wuta gwanin kyau.

Sannan babu yadda mutum biyu za su yi wasa a inji ɗaya. Dole kowa ya zauna a gidansa. Haka muka yi da Bashir wata Juma'a bayan la'asar, ni a Bani Malik, shi a Aziziyya, waya a kunne. Na ɗauki Kudu, na ce yau zan gwada irin ta Harun. Na ja da baya, na bar masa tudu, na zagaya in yanke masa abinci. Kafin in gama zagayen ya afko da duk abin da yake da shi, ya tattake ni, ya bi ragowar mutanena har cikin wani gari na bakin kogi, ya jera igwa ya mai da shi toka. Ina jin dariyarsa a waya, yana kira na Khali, wato kawu.

"Halas, an gama, ya Khali! Ka ga wutar? Yalla, mu sake."

Na rufe kwamfutar, na katse wayar. Ya yi ta kira ban ɗauka ba, da na ɗauka daga baya kuma na ce masa ya zo ya ɗauki kayansa, ba na so. Muka yi makonni ba ma magana sai gaisuwa.

Saude ce ta same ni har gida. Ta ce ita ba ta gane ba, yaro ya yi abin kirki, ya tuna ubansa, ya tuna kawunsa, ni kuma na bi shi da fushi a kan hoton gari. Na ce mata ai ta san abin da garin bakin kogi yake nufi a gidansu. Ta dube ni, ta ce ba ta sani ba. Abin da Harun ya gaya mata a duk zamansu shi ne mahaifinsa ya rasu lokacin yaƙi. Ba ta san da kwalekwale ba, ba ta san an tare layi ba, ba ta san ba a ga gawa ba. Duk shekarun nan na ɗauka ni ne na ƙarshe da ya ji, ashe ni kaɗai ne.

Na gaya mata a ranar. Bashir kuma na ɗauke shi a mota wata Juma'a muka je bakin teku ta wajen Ruwais, muka shimfiɗa tabarma a cikin iyalan da suka fito shan iska. Na ba shi labarin da Hausa, inda na ga ya tsaya sai in maimaita da Larabci. Na zaci zai yi kuka, ko ya ba ni haƙuri a kan dariyar da ya yi. Bai yi ko ɗaya ba. Fuskarsa ta ɗaure.

"Leish, don me sai kai ya gaya wa, ya Khali? Ni ne ɗansa."

Daga nan ya juye Larabci gaba ɗaya, maganar ta riƙa zubowa. Ya ce duk tasowarsa ranar Juma'a ce kaɗai ubansa ke gida da rana, kuma ranar ce ake ja masa ƙofa. Yana jin dariyarmu daga tsakar gida, yana jin ubansa yana magana mai tsawo, abin da ba ya yi da kowa. Ya ce ya tsani akwatin nan shekara da shekaru. Da ya ga sabon ya fito, ya ɗauka ya samu hanyar shiga ɗakin, ko da mai ɗakin ba ya nan. Ya shiga, ya yi wasan yadda wasan ya koya masa, ni kuma na kore shi. Ya ce kullum ana tambayarsa shi ɗan ina ne, yana nuna fasfo, alhali bai san ko sunan layinsu na Njamena ba.

Abin da na samu kaina a ciki a hanyar komawa gida shi ne jin haushin Harun, karo na farko tun da muka binne shi. Ya ɗauki abin da yake na matarsa da ɗansa ya ajiye a wurina, a bakin mota, ba tare da ya ce in isar ba, ya tafi. Na san zai ce ya yi ne don kada ya ɗora musu nauyi. To ai nauyin bai fasa sauka ba, jinkiri kawai ya yi. Mutumin nan ya iya ja da baya fiye da kowa da na sani, kuma ba a gaban kwamfuta kaɗai ba. Ina ƙaunarsa, ina kewarsa kowace Juma'a, amma da zan same shi yau sai mun yi faɗa kafin mu gaisa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da zamanin nan. Tun bara talabijin ba ta da abin nunawa sai garuruwan da 'yan ƙasa ɗaya ke rusawa a kan junansu, ga taswira a bayan mai karanta labarai, ga kibiyoyi ja da kore, ga masana suna bayanin wanda ke gaba. Samari a shagon su Bashir suna kallo suna musu kamar ƙwallo. Ina jin Harun zai kalli sabon wasan da labaran ya ce hannu ɗaya ya zana su. Ko kuma ba zai ce komai ba, ya kurɓi shayinsa, ya koyi sabon wasan a ɓoye ya zo ya cinye mu duka. Ba zan rantse ba. Bai cika yin abin da na zata ba.

Wasan dai na goge shi. Bashir bai hana ni ba, bai kuma goge nasa ba, ya ce shi yana jin daɗinsa, kuma ba zan ce ya yi laifi ba. Idan na zauna lissafin abin da ya rage na Harun, ba shi da yawa. Sito ya koma hannun wani. Kabarinsa, kamar na kowa a ƙasar nan, ba suna ba alama. Na san maƙabartar, na san ɓangaren, iyakarta ke nan.

Amma makon jiya Bashir ya zo gidana da rana da lambar waya a hannunsa. Ta Falmata ce, ya karɓa wurin mahaifiyarsa, wadda takan kira ta da salla su gaisa a taƙaice. Shi bai taɓa yi mata magana da bakinsa ba tun yana ƙarami. Ya ce in zauna kusa ko Hausarsa za ta ƙare. Ya kira, ya buɗe muryar wayar, wata tsohuwa ta ɗauka. Ya yi sallama, ya ce, "Gwaggo, ina wuni."

Sai muka ji ta ce, a hankali, "Yaya Harun?"

Ni da nake jin muryar yaron nan kullum ban taɓa lura ba. Sai da ta faɗa na rufe ido na saurara, na ji Harun a zaune a ɗakina. Bashir ya yi ta bayani cewa shi ne, ɗansa, daga Jidda. Ta ce ta gane, ta san Yaya ya rasu, ba ta ruɗe ba. Ta ce gidan yana nan, wasu ne a ciki, in ya zo za ta kai shi ya gani. Ya ce zai nemi izinin kafilinsa bayan aikin Hajji. Ko zai samu, Allah ne masani. Daga nan Hausarsa ta ƙare, ya dube ni in karɓa. Na miƙa hannu ke nan sai ta ce:

"A'a, kada ka ba kowa. Ci gaba da magana, ɗana. Ko me za ka ce, da kowane harshe."

Sai ya gyara zama ya shiga ba ta labarin shagon wayoyi da Larabcin Jidda, yadda ake canza gilashi, yadda masu saye ke gardama, tana cewa to, to. Na tashi na ba su wuri.

Allah ya yi wa Harun rahama, ya haɗa shi da mahaifinsa inda ba a tare hanya. Wanda ya karanta wannan, ya sa su biyun a addu'a.